Yadda na haɗa mods a Skyrim tun daga tushe har gem ɗin ya zauna lafiya

Salam 'yan uwa masu buga gem a kwamfuta. Wannan rubutun na wanda yake son saka mods (wato gyare-gyare da ƙarin kayan da 'yan wasa ke ƙirƙira su ɗora wa gem) a Skyrim ne amma duk bayanin da ya buɗe sai ya tarar an faro masa daga tsakiya, ana ta kiran SKSE da LOOT da MO2 sai ka ce kowa ya san su tun asali. Ni ma na sha wannan ruɗanin sosai, shi ya sa na ce bari in zauna in jero matakan yadda na bi su, da inda na yi zaman jira, da inda aka nemi kuɗi, da inda raina ya ɓaci har na kusa haƙura, ko Allah zai sa wani ya huta.

Abu na farko da ya tsayar da ni tun kafin in sauke ko mod ɗaya shi ne gane wane Skyrim ne ma a kwamfutata. Na asali ya fito a Nuwamba 2011, mai 32-bit ne, shi masu mods suke kira LE, wato Legendary Edition. A Oktoba 2016 aka fitar da Special Edition mai 64-bit, sannan a Nuwamba 2021 da gem ɗin ya cika shekara 10 aka zo da Anniversary Edition. To a nan ne kai yake ɗaurewa, don Anniversary ɗin ba wani gem daban ba ne, abu biyu ne aka haɗa a suna ɗaya: akwai afdet na kyauta da ya kai Special Edition ɗin kowa zuwa siga 1.6, akwai kuma ƙarin kaya na kuɗi da mutum zai saya in yana so. Ni ban sayi ƙarin kayan ba, don haka duk inda na ga fayil an rubuta AE sai in ɗauka ba nawa ba ne, alhali masu mods in sun ce AE yawanci sigar 1.6 suke nufi, in sun ce SE kuma suna nufin tsohuwar siga 1.5.97, ba ruwansu da ka biya ko ba ka biya ba. Yadda na raba gardamar shi ne na shiga foldar gem ɗin, na danna dama a kan SkyrimSE.exe, na shiga Properties, sai Details, a nan lambar sigar take. Tawa 1.6.1170 ce. Na rubuta ta a takarda na ajiye gefen kibod, kuma wallahi babu abin da na fi komawa dubawa a duk aikin kamar wannan lambar. Wani abu kuma, a Nexus Mods, shafin da ake sauke mods, sashen Skyrim na 2011 daban yake da na Special Edition, mod ɗaya mai suna ɗaya zai iya zama a duka biyun, to ka riƙa duba saman shafin kafin ka danna saukewa.

Daga nan na cire gem ɗin gaba ɗaya na sake saka shi sabo, na goge har ragowar foldarsa. Wannan karon ban bar shi a cikin Program Files ba, saboda Windows yana tsare wannan foldar sosai, kayan aikin mods kuma suna buƙatar rubutu a wurin, sai ka ga abu ya ƙi aiki ba tare da ya faɗa maka dalili ba. Na buɗe sabon wurin ajiya na Steam a faifai na biyu, SSD ne, don lodin gem mai mods da yawa a tsohon faifai mai juyawa akwai cin rai. Da ya gama sauka na kunna shi sau ɗaya ta Steam yadda aka saba, na bari ya gano katin hotona ya zaɓi setin, na shiga har babban menu sannan na fita. Kar ka tsallake wannan, a lokacin ne yake ƙirƙirar Skyrim.ini da SkyrimPrefs.ini a cikin Documents, My Games, Skyrim Special Edition, kuma manajan mods, wato manhajar da ke saka maka mods tana jera su, daga nan zai kwafe su. Sai na shiga setin gem ɗin a Steam na mayar da afdet ya zama sai in ni na kunna gem ɗin ta can, na kuma nemo fayil ɗin appmanifest_489830.acf a foldar steamapps na mai da shi na karantawa kawai. Dalilin shi ne duk afdet da ya canja lambar siga, SKSE (ginshiƙin da mods da yawa ke tsaye a kai, bayaninsa yana gaba) da mods masu jingina da shi sai sun jira masu su sun sabunta, haka ta faru a 2021 da kuma Disamba 2023 lokacin da 1.6.1130 ta fito, ni kuma na fi so in zama ni ke zaɓar ranar da zan matsa gaba.

Sai maganar akawunt da manaja. Buɗe akawunt a Nexus kyauta ne, imel kawai da kalmar sirri, kuma kusan duk abin da zan ambata a nan kyauta ne. Akwai Premium na kuɗi, bambancinsa shi ne gudun saukewa ba iyaka kuma ba sai ka tsaya danna kowane fayil kana jira ba. Ni da na kyautar na yi aikina duka, ƙananan mods ba ka ma jin bambancin, amma manyan fakitin hoto masu gigabait da yawa sai dai ka saka su ka tashi ka yi wata hidimar. Manajoji biyu ne aka fi amfani da su, Vortex wanda Nexus da kansu suka yi, da Mod Organizer 2 da ake kira MO2. Na gwada duka biyun. Vortex ya fi sauƙin farawa, shi yake jera maka abubuwa bisa dokokin da ka ba shi, wannan ya zo bayan wancan, sai dai yana so foldar da yake tara mods ta zama a faifai ɗaya da gem ɗin. MO2 kuma ba ya taɓa foldar Data ta gem ɗin sam, kowane mod yana zaune a foldarsa, sai lokacin da ka kunna gem ɗin ta cikinsa yake haɗa su ya nuna wa gem ɗin kamar duk suna Data. Ka rufe, komai ya koma yadda yake. Wannan ne ya ja ni, don ina so in riƙa gani da idona wa ke danne wa, in ja mod da linzami in sauke shi inda nake so. Ba na cewa Vortex bai da kyau, mutane da yawa suna buga jeri mai ɗaruruwan mods da shi lafiya lau, amma sauran bayanin nan na MO2 ne. Na saka shi a foldarsa daban, ba cikin foldar gem ba, ba kuma Program Files ba, na haɗa shi da akawunt ɗina na Nexus, na yarda ya riƙa karɓar fayil duk lokacin da na danna Mod Manager Download. A cikin firofayil, wato tsarin da MO2 ke ajiye jerin mods ɗin da ka kunna, na kunna zaɓin da ke ware sebin da fayilolin ini na kowane firofayil daban, wannan ya yi min rana daga baya.

SKSE shi ne mod na farko, ko in ce ginshiƙin da sauran suke tsaye a kai, yana faɗaɗa abin da sikirif, wato rubutattun umarnin da mods ke ba gem, zai iya yi a gem ɗin. A shafinsu na silverlock akwai siga daban-daban, ta 1.5.97, ta 1.6 ta Steam, ta GOG, ta VR, sai ka ɗauki wadda ta yi daidai da lambar da ka rubuta. Fayil ɗin 7z ne don haka sai da na saka 7-Zip. Abin da ya ruɗa ni a nan shi ne bayan an gama ce min kar in taɓa foldar gem, sai ga shi ana cewa in kwafa abu ciki. Ashe akwai 'yan abubuwa kaɗan da dole su zauna kusa da SkyrimSE.exe, skse64_loader.exe da fayil ɗin dll mai ɗauke da lambar sigarka suna cikinsu. Foldar Scripts kuwa na saka ta a MO2 a matsayin mod. Daga ranar ban ƙara kunna gem ɗin ta Steam ba, sai dai Steam ya kasance a buɗe, ni kuma in zaɓi SKSE a MO2 in danna Run. Don in tabbatar, a babban menu na danna maɓallin da ke ƙasan Esc na buɗe konsol, wato wurin rubuta wa gem umarni, na rubuta getskseversion, da na ga ya amsa min da lamba na ji wani sanyi a raina, don shi ne abu na farko da na ga ya yi aiki. Bayansa na saka Address Library for SKSE Plugins, shi ma fayil biyu ne a shafin, na 1.5 da na 1.6, sai SSE Engine Fixes wanda lokacin da na saka shi kashi biyu ne, ɗaya ta manaja ɗaya kuma da hannu a foldar gem, sai SkyUI da ke gyara menu ya dace da linzami da kibod, kuma shi ke kawo MCM inda ake saita yawancin mods daga cikin gem. Na rufe wannan zangon da Unofficial Skyrim Special Edition Patch, facin da 'yan sa kai suka yi shekaru suna tara gyaran kurakuran gem ɗin a ciki. Sabuwar sigarsa tana neman 1.6 da ƙananan kayan nan huɗu da aka ba kowa kyauta, Fishing da Survival Mode da Saints and Seducers da Rare Curios, to kar ka goge su don ka ga ba kai ka saka ba.

Yanzu ga wurin da na fi daɗewa ban gane ba, kuma ina ganin in mutum ya gane shi ya gane rabin harkar. MO2 yana da ɓangare biyu, hagu da dama, kuma jeri biyu ne mabambanta masu aiki daban. Na hagu jerin fayiloli ne, hotunan da ake lulluɓe abubuwa da su, siffofin abubuwa, sauti, sikirif. In mods biyu suna ɗauke da fayil mai suna ɗaya a wuri ɗaya, misali duka sun canja hoton dutse, to wanda yake ƙasa a jerin shi gem ɗin zai nuna, kamar ka shimfiɗa bargo kan bargo, na ƙarshen shimfiɗawa shi ido yake gani. Alamar walƙiya da za ka gani gefen suna ita ke nuna haka, mai alamar tarawa yana danne wani, mai alamar ɗebewa ana danne shi, in ka danna sau biyu ka shiga Conflicts zai jero maka fayilolin ɗaya-ɗaya. Wannan ba matsala ba ce, zaɓi ne, kai za ka ce dutsen wa ka fi so. Sannan fayilolin da suke a warwatse suna danne waɗanda aka ƙunshe a cikin BSA, wato babban fayil ɗaya mai ɗauke da fayiloli da yawa, ko da a ina suke a jerin, wannan ya sa na ɗauki lokaci ina mamakin dalilin da wani mod da na kai can ƙasa bai bayyana ba. Na dama kuma jerin fulogin ne, fayiloli masu ƙarewa da esm da esp da esl, su ne ke ɗauke da bayanai: ƙarfin takobi, farashinsa, fuskar mutum, inda aka ajiye gida, abin da ɗan fashi zai riƙe. A nan dokar ta fi tsauri. In mod ɗaya ya ƙara wa takobin ƙarfe kaifi, wani kuma ya canja nauyinsa, ba haɗa su gem ɗin zai yi ba, wanda ya zo ƙarshe a lodi shi zai ɗauke bayanin takobin gaba ɗaya, aikin na farkon ya tafi a banza kuma babu wani saƙo da zai fito ya faɗa maka. Abin da ake kira faci ke nan, ƙaramin fulogin da ke zuwa bayan su biyun ya ɗauko kaifin daga nan nauyin daga can.

LOOT shi ke jera ɓangaren dama, yana da wani babban kundi da al'umma ke sabuntawa na wane fulogin ya kamata ya zo bayan wane, kuma yana ba da gargaɗi in wani abu ya ɓace ko akwai facin da ya kamata ka saka. Na ƙara shi a jerin kayan aikin MO2, don duk kayan aikin da ka kunna a waje ba zai ga mods ɗinka ba, Data fanko zai tarar. Amma LOOT jerawa kawai yake, ba ya sasanta rikici. Wanda ke nuna maka rikicin shi ne SSEEdit. Ranar farko da na buɗe shi na ga layuka da launuka ja da kore da ruwan ɗorawa, gaskiya tsoro ya kama ni na rufe. Da na dawo na natsu sai na ga tebur ne kawai, kowane fulogin da ya taɓa abu yana da ginshiƙinsa, na ƙarshen dama shi ya ci, inda aka yi ja akwai saɓani. Da shi na yi facina na farko, na kwafi bayanin zuwa sabon fulogin na ja abin da nake so daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, kuma da na shiga gem na ga canjin biyu duk suna aiki tare na ji daɗi ƙwarai. LOOT zai kuma ce maka a tsaftace fulogin na asalin gem ɗin, wato a share bayanan da ba su da amfani a cikinsu: Update.esm da Dawnguard.esm da HearthFires.esm da Dragonborn.esm. Masu harkar sun rabu a kan ko dole ne, ni dai na ajiye kwafinsu na bi su ɗaya-ɗaya da QuickAutoClean na SSEEdit, Skyrim.esm kuwa ba a taɓa shi. Akwai kuma iyaka, cikakkun fulogin 254 ne kawai gem ɗin zai ɗauka har da nasa na asali, amma ƙananan fulogin masu alamar ESL ba sa cin wannan gurbin, su ana iya kaiwa 4096, shi ya sa za ka ga jerin wasu ya wuce dubu. In ka ga jan gargaɗi gefen fulogin, yawanci masta ya ɓace, wato yana neman wani fulogin da ba ka saka ba, kuma gem ɗin zai mutu tun kafin ya kai menu.

Na koma saka mods kaɗan-kaɗan, rukuni-rukuni, gyaran kurakurai, sai menu, sai yanayi da haske, sai garuruwa, sai mutane, sai faɗa, ina raba su da layin rabewa a ɓangaren hagu. Kowane mod kafin in sauke sai na karanta bayaninsa har ƙasa, na buɗe Requirements, na leƙa Posts da Bugs, don abin da zai same ka yawanci ya riga ya sami wani kuma an amsa masa a can. Wasu mods in za ka saka su suna buɗe taga suna tambayarka wane faci kake so, to in daga baya ka ƙara mod ɗin da suke da facinsa sai ka dawo ka sake saka su. Don gwaji na saka Alternate Start - Live Another Life, saboda tafiyar keken dokin farkon gem zuwa Helgen doguwa ce kuma ba ta jure mods da yawa. Na buɗe firofayil na gwaji, daga babban menu in rubuta coc riverwood a konsol in faɗa kai tsaye, in taka zuwa Whiterun, in shiga gida in fita, in yi faɗa da kerkeci, in ga ko komai lafiya. A irin wannan zagayen na fara ganin abubuwan da ake faɗa. Abu ya zama shuɗi mai ja-ja, wannan hotonsa ne ya ɓace. Mutum fuskarsa ta yi duhu ba ta dace da jikinsa ba, wannan kuma jerin hagu da na dama ne suka saɓa, fayil ɗin fuskar daga mod ɗaya, bayanin fuskar daga wani, da na sa mod ɗaya ya ci a duka ɓangarorin sai ta gyaru. Kwanuka da tukwane suna tashi sama da kansu in ka shiga ɗaki, wannan saboda lissafin motsin abubuwa a gem ɗin an ɗaure shi da hoto 60 a sakan ne, sikirin ɗina kuma ya wuce haka, SSE Display Tweaks ya magance shi.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wani kirash da yake zuwa duk lokacin da na doshi ƙofar garin Riften. Ba saƙo ba komai, sai dai in ga kaina a fuskar kwamfuta. Na yi ta zargin mods ɗin da ba ruwansu, har na fara tunanin goge komai. Abin da ya cece ni Crash Logger ne, in gem ya mutu yana ajiye rahoto a foldar SKSE da ke cikin My Games. Rahoton dogo ne kuma yawancinsa ba na ganewa, amma ba sai ka gane duka ba, sunaye za ka nema, sunan fulogin ko na fayil da ke ta maimaituwa. Nawa wani fayil ne mai ƙarewa da nif, wato fayil ɗin siffar abu. Na nemi sunan a shafin Data na MO2 ya nuna min mod ɗin da ya kawo shi, na je Posts ɗinsa na tarar wasu sun riga sun kawo ƙorafin kuma akwai gyara a cikin Files. Saukewar ba ta kai minti ɗaya ba. Wani lokacin kuma rahoton ba ya nuna komai, sai in koma rabawa biyu: in kashe rabin mods ɗin da na ƙara kwanan nan in gwada da sabon gem, in ya mutu matsalar tana rabin da ke kunne, in bai mutu ba tana ɗaya rabin, in sake raba wannan biyu, haka har ya rage ɗaya. Akwai gajiya, amma ko mods 100 ne zagaye 7 ya isa a kama shi, sai dai ka kula kar ka kashe masta ka bar masu jingina da shi.

Maganar kyan hoto na bar ta kusan ƙarshe. Ko'ina za ka ga 4K yana kiranka, amma ƙwaƙwalwar katin hoto tana da iyaka, in ta cika sai gem ya fara tsattsayawa musamman a gari. Ni 2K na ɗauka a yawancin abubuwa, 1K a ƙananan tarkace, kuma ban ga abin da na rasa ba. Tsakanin ENB da Community Shaders, masu gyara haske da inuwa, ɗaya ake zaɓa ba a haɗa su, na ɗauki na biyun don ya fi sauƙi a kan katina. Mods na motsin jiki kuma wasu suna buƙatar a kunna Nemesis ko Pandora duk lokacin da aka ƙara ko aka cire, in ba haka ba sai ka ga mutane a tsaye ƙiƙam hannu a buɗe suna zamewa a ƙasa. Duk abin da irin waɗannan kayan aikin suka samar yana faɗawa foldar Overwrite ne a ƙasan jerin hagu, ni kuma nan take nake mai da shi mod mai sunansa, don in ka bari ya taru ba za ka san na waye ba. Na ƙarshe duka shi ne DynDOLOD, mai gyara abin da ake hangowa daga nesa, bishiyoyi da duwatsu da gine-gine. Ana fara kunna TexGen da ke zuwa tare da shi sannan shi, kuma sai jerinka ya gama zama, don in ka ƙara mod mai canja gari ko bishiya sai ka sake yi. Ya ɗauki lokaci mai tsawo yana ta zubo rubutu, ya ma tsaya ya ƙi ci gaba saboda kuskuren da ya gani a wani fulogin, sai da na gyara na sake farawa. Amma da na hau hanyar High Hrothgar na juyo na ga daji ya cika har iyakar gani ba fili fetal ba, na san jiran bai tafi a banza ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe da kyau shi ne maganar sebin, wato ajiyar inda ka kai a wasa. Sebin Skyrim yana haɗiye bayanan sikirif na mods ɗin da ke kunne, in ka cire mod a tsakiyar wasa ragowarsa tana nan a ciki, kuma matsalar ba lallai ta fito a ranar ba, sai ka yi nisa ka shaƙu da ɗan wasanka sannan sebin ya fara ƙin buɗewa. Mods na hoto zalla ana iya cirewa ba damuwa, amma mai fulogin da sikirif in ka fara wasa na gaske da shi to ku ƙarasa tare. Akwai ReSaver na FallrimTools da ke share wasu ragowar, na yi amfani da shi a sebin gwaji, amma ban ɗauke shi a matsayin lasisin cire abin da na ga dama ba. Haka sabunta mod, in yana aiki lafiya ba na taɓa shi sai na karanta abin da aka canja da ko ana buƙatar sabon gem. Ina yin sebin da hannu a sabon gurbi akai-akai. Na kuma kwafe foldar firofayil, inda modlist.txt da plugins.txt da loadorder.txt suke, zuwa wani faifan, foldar downloads ma ban goge ta ba duk da cin wurin da take, saboda mai mod yana iya ɓoye aikinsa ko ya cire tsohuwar siga, ranar da ka nema ka rasa.

Wani zai ce me ya sa ban bi ta Wabbajack ko Collections na Nexus ba, inda wani ya riga ya haɗa jeri ya gwada, kai naka saukewa kawai. Hanya ce mai kyau wallahi, wanda wasa kawai yake so kuma yana da wuri a faifai da kati mai ƙarfi ya bi ta, sai dai ba tare da Premium ba zai danna ɗaruruwan fayiloli da hannu, kuma da yawa daga jerin suna neman ka sayi ƙarin kayan Anniversary, to ka karanta sharuɗɗan kafin ka fara. Ni abin da haɗawa da hannu ya ba ni shi ne yanzu in abu ya lalace na san tambayoyin da zan yi: sigar ta dace da lambata, akwai abin da yake nema da ban saka ba, wa ke danne shi a hagu, wa ke danne shi a dama, me na ƙara na ƙarshe. In za ka nemi taimako wurin masu harkar ma waɗannan za su tambaye ka, to ka je musu da lambar sigarka da jerin lodinka da rahoton kirash ɗin, za a amsa maka da wuri. Kuma in mod ya yi maka amfani ka koma shafinsa ka danna Endorse, mutanen nan lokacinsu suka ba mu kyauta, wasu shekara da shekaru suna amsa tambaya ɗaya ba gajiya. Yanzu haka firofayil biyu gare ni, na wasa wanda na kulle ba na ƙara masa komai, da na gwaji inda nake duba wani mod na sihiri da nake so in fara sabon ɗan wasa da shi in na gama wannan.